Na Zaga Ƙasashe Uku, Na Dawo da Rabin Zangarniya

Yau da safe na fita shuka da irina a cikin hula.

An yi ruwa jiya, na kirki, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Gari na wayewa unguwarmu ta nan gefen Wonaka ta watse zuwa gona, masu sungumi a gaba, masu ƙwaryar iri a baya. Ni kuwa na cire hulata, na juye abin da nake da shi a ciki, na riƙe da hannu biyu. Rana tana dukan sanƙona.

Jatau maƙwabcina ya hango ni daga kan iyaka. Ya jingina da sungumi.

"Baba Mas'udu, barka da ruwa. Shuka za a yi, ko 'yan tsaki za a ba?"

Na ci gaba da jefa iri.

"Af, na mance," in ji shi. "Ku da kunka ga duniya ai noman zamani za ku yi. Ƙwara guda, dami goma."

Na ce ya duba layinsa, ya karkace. Ya karkace ɗin kuwa.

Tun da Jatau ya riga ya kai labarin bakin rijiya, ya ƙara masa abin da babu, gara ku ji shi daga bakina.

Ina da gero. Ba irin na kasuwa ba. Ubana ya bar mini, shi ma nasa uban ya bar masa. Zangarniyarsa takan kai daga yatsa zuwa kafaɗa, kuma tana da gashi, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta. Duk kaka nakan zauna in zaɓi kawunan da suka fi, in ɗaure da hannuna, in sa a ɗan rumbun da ke bayan ɗakin Hanatu matata, in liƙe bakin da laka. Shekarar yunwar nan da ta kwashe mutane, mun ci tafasa, mun ci dusa, mun binne waɗanda muka binne. Ba mu fasa rumbun nan ba. Duk yankinmu babu mai wannan iri sai ni. Ku riƙe wannan.

Ana tsakiyar bazara, lokacin da kowane babban rumbu ya koma gindi, mace na shiga ciki da tsintsiya tana neman abin dakawa, sai ga saƙo. Wai Mai Girma Wanda Ba a Gani, Allah ya ƙara masa inuwa, ya kwana yana tunanin talaka. Ya gano abin da ke damunmu. Ba fari ba ne, ba fara ba ce. Rashin yawo ne. Saboda haka ya sa a zaɓi dattawa masu martaba, a zaga da su ƙasashen maƙwabta, ƙasar Tsafe da ƙasar Bungudu, a ratsa ta birnin Gusau, su ga yadda ake noma, a dawo da su kafin ruwa ya sauka.

A unguwarmu ni aka zaɓa. Ban yi mamaki ba. Wa za a zaɓa, Jatau?

Aka haɗa mu da jagora. Wani dogo ne mai takalmi mai ƙara da sanda mai kan azurfa. Ba ya dogara sandar, nuni yake yi da ita. Muka naɗa shi Sarkin Nuni. Ya ji, ya ɗauka da gaske ne, yana amsawa.

Na yi masa tambaya ɗaya. Na ce, bazara ce, wa zai ciyar da mu a hanya?

Ya yi murmushi irin na wanda ya sha tambayoyin ƙauyawa. "Baba, kada ka ɗauki ko ƙullin gari. Mai Girma ya ɗauke muku abinci. Ku dai ku zo da idanunku."

Na shiga gida na ce da Hanatu kada kowa ya taɓa ɗan rumbu. Ta ce, "Malam, yau na zo gidanga?" Na fita.

A mota aka ɗauke mu. Ban taɓa hawa ba, ba kuma zan ɓoye muku ba, na ɗaura sabon rawani. Sai dai motar ba ta tashi da hantsi ba kamar yadda aka ce, domin ba ta ci abinci ba. Muka zauna a kanta a rana, dattawa jere kamar buhuna, muna jiran man da take sha. Can bayan azahar ya iso, a garwa, a bayan jaki. Wannan ce dabbar da aka ce za ta kori jaki daga duniya. Jakin ya sauke mata abincinta, ya dube mu, ya juya.

Ta tashi da mu da ruri. Ta ratsa kasuwa a hankali don kowa ya gani. Mata suka yi guɗa. Na hango Jatau ya saki baki. Muna wuce bayan gari, inda ba mai kallo, ta tsaya. Sarkin Nuni ya ce mu sauko, motar tana da wani aikin na Mai Girma. Sauran ƙasashen a ƙafa muka gan su.

Muna cikin tafiya a daji ya ɗaga sanda, muka tsaya.

"Dattawa, ku lura. Daga wannan taki kun bar ƙasarku. Kun shiga ƙasar Tsafe."

Muka lura. Sabara ce a bayanmu, sabara a gabanmu. Kukar da ya tsaya a gindinta kuwa, tun ina saurayi nake sauke kaya a nan in na nufi kasuwar Tsafe. Na faɗa masa. Ya ce wancan zuwa ne kawai, wannan ziyara ce.

A kusa da 'Yankuzo aka nuna mana gonar zamani. Fili ne share tas. An kafa turaku, an ja igiya daga wannan zuwa wancan, a miƙe. Ba tsiro ko ɗaya. Sarkin Nuni ya bi igiyar da sanda.

"Nan auduga za ta fito. Ku dubi yadda ta jeru."

Wani tsoho a cikinmu, mai raunin ido, ya matsa kusa ya durƙusa. Ya ce shi bai ga audugar ba. Aka ce masa ya yi haƙuri, matsalar idonsa ce. Ya yarda.

Aka nuna mana rijiya mai baki na siminti, sumul, ko a fada sai haka. Na jefa tsakuwa. Ƙura ta taso. Aka ce bakin aka fara yi, domin shi ne mai wuya.

Amma abinci, gaskiya, Mai Girma ya cika alkawari. Aka sauke mu a zauren wani babban gida. Aka kawo fura, ƙwarya ƙwarya, da tuwo a akushi. Geron nan mai kyau ne, cikakke, ba irin sharar gindin rumbu da muka baro a gida ba. Na ce a raina lallai ƙasar Tsafe ta ci gaba, masu cin irin wannan gero a bazara. Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Maigidan bai fito ya gaishe mu ba. Na tambaya. Aka ce ya yi tafiya. Na ce wane irin mutum ne za a kawo masa baƙi ya kama hanya? Na faɗa da ƙarfi, don a ji a cikin gida.

A Gusau ba mu zauna ba. Daga nesa aka nuna mana tudun ƙasar da ake tarawa, wai a kansa jirgin ƙasa zai bi. Aka kai mu ƙofar wani ƙaton gini aka ce abin da ke cikinsa zai ba mu mamaki. Mai mabuɗin ba ya nan. Muka kalli ƙofar. Ƙofa ce mai kyau.

Da muka shiga ƙasar Bungudu an sake ɗaga sanda, an sake tsayar da mu mu lura. A gefen Rawayya aka nuna mana wata gonar zamanin. Turaku da igiya. Igiyar ma na gane ta, da ƙullin da aka yi mata inda ta tsinke. Ta riga mu isowa. Ita a kan jaki ta zo.

Sai masauki. Wani gida ne mai durumi a ƙofa. Nan ma maigida ya yi tafiya. Nan ma fura ta zo, ta ma fi ta farko. Wata dattijuwa ce ta miƙo ƙoren daga bayan asabari, ta ce mana sannu. Na sha, na ji daɗi. Na buga ludayi a ƙwarya na ce a ƙaro, kuma a gaya wa masu gida nonon ya yi kaɗan. Baƙon Mai Girma ne ni, ba maroƙi ba. Aka ƙaro.

Daga nan muka juyo gida. A wani busasshen gulbi tsakanin Rawayya da Wonaka muka sauka mu tona yashi mu sha ruwa. Sai ga wata tawaga ta ɓullo daga ɗaya gaɓar. Dattawa, da sababbin rawuna da suka sha ƙura, da kumburarrun ƙafafu. A gabansu wani dogo da sanda.

Jagororin biyu suka keɓe suna gaisawa. Mu kuma muka zauna a inuwa da baƙin. Wani gajere mai farin gemu ya zauna kusa da ni. Sunansa Garba, mutumin Rawayya. Bakinsa ba ya hutawa.

"Mu ma yawon ganin ƙasashe anka kai mu," in ji shi. "A mota munka hito."

"Har ina?"

"Har bayan kasuwa."

Na ce, to.

"Kun ga igiya?"

Na ce mun gani.

"Amma Malam, abinci! Yanzu haka daga wajen Wonaka muke. An sauke mu gidan wani bawan Allah, ba shi nan, ya yi tahiya. Furar da munka sha, tun da uwata ta haife ni ban sha irinta ba. Gabanmu anka fasa wani ɗan rumbu, ana hiddo kawuna ana sussuka. Tsaya ka gani."

Ya waiga hagu da dama. Ya sa hannu cikin riga, ya zaro zangarniya. Doguwa, mai gashi. Daga yatsa zuwa kafaɗa.

"Na ga za a sa ta turmi, zuciyata ta ƙi. Na ce wagga ba abar dakawa ba ce. Allah shi gafarta mini, na soke ta a riga. Ka taɓa ganin irinta?"

Na ce na taɓa.

A nan na gane abin da ya sa ba mu tarar da maigida ko ɗaya ba. Duk suna hanya, ana nuna musu igiya. Dabarar Mai Girma ke nan, Allah ya ƙara masa basira. A fitar da maigida da sunan girmamawa, a sauke baƙi a gidansa. Mu mutanen ƙasar Gusau mu ci na Tsafe da na Bungudu, na Tsafe su ci na Bungudu, na Bungudu su ci na Gusau. Kowa ya ƙoshi, kowa ya yi godiya, shi kuwa ko ƙwarar gero ba ta fita daga hannunsa ba. A bazara kuma gero mai kyau wuri ɗaya yake a kowane gida: rumbun iri.

Ban ce gidana ne ba. A gaban mutanen wata ƙasa? Na tambaye shi dai inda yake zaune. Ya ce in na shiga Rawayya in ce Garba Gajere, ko akuya ta san shi. Ya mayar da zangarniyar cikin riga.

Kafin a sallame mu Sarkin Nuni ya yi jawabi. Ya ce yanzu idanunmu sun buɗe. Ya ba kowa kyautar Mai Girma, ɗan buhun gurya, wato irin auduga, mu je mu shuka a jere kamar yadda muka gani.

Na shiga gida ban yi sallama ba. Na wuce bayan ɗaki. Bakin ɗan rumbu a fashe, cikinsa an share. Hanatu tana tsaye a bayana.

Na ce, "Mi na ce miki?"

"Ka ce kada a taɓa."

"To?"

"To sai ga mutane cike da zaure, da mai sanda, wai gidan wanda anka zaɓa shi ka saukar baƙi. Na share babban rumbu, bai kai ba. Na aika gidan Jatau, sun ba da abin da suke da shi, bai kai ba. Mai sanda ya zagayo da kansa, ya nuna wanga."

"Sai ki ce a'a."

"Malam, wa ke zama zaure yana faɗin baƙo bai taɓa kwana da yunwa gidansa ba? Ni ce? Kowa ya ji ka. Su ma sun ji, shi ya sa sunka zo." Ta gyara zane. "Ina daka ina tuna shekarar da munka ci dusa. Kai kuma mi ka ci a can?"

Ba kowace tambaya ake amsa wa mace ba.

Washegari na kama hanyar Rawayya. Ba mota, ba jagora, ba wanda ya tsayar da ni in lura. Na tambayi Garba Gajere, aka yi mini kwatance. Na bi kwatancen har ya ƙare. Na ɗaga kai, sai ga durumi a ƙofa.

Na yi niyyar juyawa. Ƙafata ta riga ta yi sallama.

Asabari ya motsa. Dattijuwar nan ce, Wasila matar Garba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, hito. Ga mai neman ƙari ya dawo." Ta juyo gare ni. "Baba, yau ko nonon babu."

Garba ya fito. Ba surutu yau. Ya shimfiɗa mini buzu. Zangarniyar tana rataye a saman zaure, inda ɓera ba zai kai ba. Ta ƙofar ciki ina hango ɗan rumbunsa, baki a fashe kamar nawa.

Na nuna ta. Na ce, "Wancan gerona ne. Na ubana."

Ya ɗaga kai ya dubi zangarniyar, ya dube ni.

"Gidanka ne mai tsamiya?"

"Gidana ne."

"To naka ne," in ji shi. "Nawa kuma yana cikinka."

Daga bayan asabari aka ce, "Har da ƙari."

Ni ban saba roƙo ba, shi kuma ba shi da abin da zai sa a ƙasa in ruwa ya zo sai wannan. Ina iya kai ƙara. Wurin wa? In ce baƙon Mai Girma ya saci abin da Mai Girma ya sa a daka?

Garba ya miƙe ya sauko da ita. Ya shafa gashinta. Ya ɗora a gwiwa ya karya biyu, a hankali, Wasila ta tara faifai a ƙasa don kada ƙwara ta faɗi. Ya miƙo mini duka biyun.

"Zaɓi."

Na ɗauki gindin. Nan ƙwara ta fi cika. Gerona ne.

"In naka ya mutu ka zo," in ji shi. "In nawa ya mutu in zo."

Na ce in ya zo ya zo da abincinsa.

Shi ne abin da na shuka yau da hula. Bai kai ko kusurwar gona ba. Na sa shi kusa da gida, inda zan riƙa ganinsa daga zaure, na kewaye da ƙaya. Ba na ci ba ne. Bana iri za a yi, baɗi a ƙara, in da rai. Sauran gonar Hanatu ta samo wani gajeren gero ta zuba. Ban tambaye ta inda ta samo ba. Jatau, duk da bakinsa, bai faɗa ba.

Na zauna na lissafa waɗanda suka shiga gidana da sunan Mai Girma. Da mai sanda, da masu rawani, da masu yi mini addu'a bayan sun ƙoshi. Duk cikinsu wanda ya bar mini wani abu shi ne ɓarawon.

An ce Mai Girma ya ji daɗin yadda tafiyar ta kasance, ba a kashe komai ba. Baɗi za a ƙara ƙasashe. An kuma ce a unguwarmu Jatau ake tunani. Na taya shi murna tun yanzu. Na ba shi shawara ya bar bakin rumbunsa a buɗe, kada baƙi su wahala.

Kyautar auduga kuwa ba ta lalace ba, kada a ce mun raina. Hanatu ta daka guryar, ta tace, ta yi miya da ita. Ta yi daɗi ƙwarai. A isar wa Mai Girma Wanda Ba a Gani cewa miya ta iso lafiya. Saura tuwo.